Wayar Gida da Intanet: Matsaloli da Haƙƙin Mai Biya



An shirya wannan jawabi ne domin wayar da kan jama'a game da wani al'amari da ya zama ruwan dare, watau koke-koken da a ke yi a kan wayar tarho da intanet na gida, da kuma kiran da a ke yi ta intanet. Da wuya a zauna a majalisa, ko a kasuwa, ko a tashar mota, ba a ji wani yana kukan an cinye masa kati ba, ko datarsa ta ƙare tun lokaci bai yi ba, ko kuwa ya biya kuɗin wata amma intanet ɗin gidansa ya yi mako guda ba ya aiki. Wannan kuwa ba ƙaramar magana ba ce, domin idan layi ya yanke, ɗan kasuwa ya kan rasa ciniki, ɗalibi ya kan makara wajen rajistar jarrabawa, mai jinya kuma ya kasa samun likita a tsakar dare. Saboda haka ya kamata kowa ya san mafarin waɗannan matsaloli, ya san wadda ta ke laifin kamfani ce da wadda ba laifinsa ba, ya kuma san inda zai kai ƙara.

YADDA AKA FARO

Sadarwa ta waya ta soma a ƙasar nan a shekarar 1886, lokacin da Turawan mulki suka haɗa Legas da London da wayar tangarahu ta ƙarƙashin teku. Har aka sami mulkin kai a 1960, layukan tarho na ƙasar duka ba su kai 20,000 ba. A shekarar 1985 aka haɗa sashen tarho na Ma'aikatar Gidan Waya da kamfanin NET mai kula da kiran ƙasashen waje, aka kafa kamfanin NITEL. Dattawa ba su manta da wancan zamani ba. Mutum ya kan nemi layi ya yi shekaru yana jira, in kuwa ruwan sama ya shiga ramin waya, sai unguwa guda ta yi shiru. Zuwa farkon shekarar 2001, layukan da ke aiki kimanin 400,000 ne kacal, alhali jama'ar ƙasa sun haura miliyan 100.

Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, watau NCC, da Doka ta 75 ta shekarar 1992, aka kuma ƙarfafa ta da Dokar Sadarwa ta 2003. A watan Janairu na 2001 hukumar ta yi gwanjon lasisin wayar salula, inda kamfanonin MTN da Econet suka biya dala miliyan 285 kowannensu, suka fara aiki a watan Agusta na wannan shekara. Globacom ya shigo a 2003 da lissafin kira daƙiƙa-daƙiƙa. Shi kuwa NITEL, bayan an yi ta ƙoƙarin sayar da shi, kadarorinsa sun koma hannun kamfanin NATCOM a 2015. A shekarar 2025 layukan da ke aiki a ƙasar nan sun haura miliyan 150. Ke nan wahalar samun layi ta kau, wadda ta rage ita ce wahalar samun layi mai inganci a kan kuɗin da ya dace.

DALILAN YANKEWAR LAYI

Ko da ya ke wayar hannu ba ta da igiya, tafiyar da magana ke yi a iska gajeriya ce ƙwarai. Sau da yawa daga wayar mutum zuwa turken sadarwa mafi kusa ne kawai. Daga nan sai ta bi igiyar faiba, wadda zaren gilashi ne siriri da a ke binnewa a gefen titi, har ta isa cibiyar kamfani. Idan saƙon na ƙetare ne, sai ya bi manyan igiyoyin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku, irin su SAT-3, da MainOne da Glo-1 waɗanda suka fara aiki a 2010, da WACS da ACE na 2012, da Equiano wadda ta iso a 2022. Mafi yawansu a Legas su ke sauka. Don haka mai intanet a Sakkwato ko Maiduguri ya dogara ne a kan igiyar da ta ratso ɗaruruwan kilomitoci, kuma ko'ina aka tsinka ta a hanya, shi zai ji a jikinsa.

Abin da ya fi tsinka waɗannan igiyoyi shi ne aikin gina hanya da haƙar magudanar ruwa ba tare da an sanar da masu igiya ba, sai kuma ɓarayi da ke zaton akwai tagulla a ciki, alhali gilashi ne wanda ba shi da kasuwa wurin 'yan gwangwan. Na biyu shi ne wutar lantarki. Turakun sadarwa masu yawa da janareto da batura su ke aiki dare da rana, in man dizal ya yanke ko aka sace batura, sai sabis ya ɗauke a wannan yanki. Na uku shi ne cunkoso. Kowane turke yana da iyakar abin da zai iya ɗauka, shi ya sa intanet kan yi nauyi da maraice, lokacin da kowa ya dawo gida, ya kuma saki bayan tsakar dare.

Wani lokaci kuma masifar daga nesa ta ke zuwa. A ranar 14 ga watan Maris na 2024, igiyoyin teku huɗu, watau WACS da ACE da SAT-3 da MainOne, suka lalace a tekun Afirka ta Yamma daura da Kwaddebuwa. Intanet ya yi rauni a ƙasashe da dama, hada-hadar bankuna ta tsaya cik a wurare da yawa, gyara kuma ya ɗauki makonni.

Gwamnati ba ta naɗe hannu ba. Tun a 2013 Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa ta amince da naira 145 a kan kowace mita a matsayin kuɗin izinin binne igiya, domin kada tsadar haraji ta hana kai faiba cikin karkara. A 2024 kuma Shugaban Ƙasa ya sa hannu a kan umarnin da ya sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa waɗanda lalata su babban laifi ne.

ABIN DA KE CIKIN GIDA

Ba kowace matsala ce daga kamfani ta ke ba. Akwatin intanet na gida, wanda a ke kira rauta, yana watsa saƙonsa ne ta iska, kuma katangar siminti da ƙofar ƙarfe su kan rage masa ƙarfi. Wanda ya ajiye shi a ƙasa, a lungun ɗaki, bayan kabad, ya tauye kansa da kansa. Wuri mai tsayi a tsakiyar gida ya fi dacewa. Haka nan idan aka bar shi ba tare da lambar sirri mai ƙarfi ba, maƙwabta za su sha daga rijiyar da ba su haƙa ba.

Akwai kuma rashin fahimtar ma'auni. Kamfanoni suna tallar sauri ne da megabit, amma da megabait a ke auna data, kuma megabit 8 ne ke yin megabait 1. Alal misali, layi mai saurin megabit 10 zai ɗauki kimanin minti 13 kafin ya sauko da abu mai nauyin gigabait 1. Idan kuma talla ta ce saurin yana kaiwa kaza, to ƙololuwar ce aka faɗa, ba abin da za a samu kullum ba. Tsarin da a ke cewa ba shi da iyaka ma sau da yawa yana da sharaɗi, watau in an kai wani adadi sai a rage sauri. Lalle ne mutum ya karanta sharuɗɗa kafin ya biya, ko ya sa a karanta masa, domin matambayi ba ya ɓata.

Game da saurin ƙarewar data, ya kamata a sani cewa wayoyin zamani su kan sabunta manhajojinsu da kansu, su kan kwashe hotuna su kai ma'ajiyar intanet, su kuma kunna bidiyo ba tare da an taɓa su ba. Kowace waya tana da wurin da ke nuna manhajar da ta fi cin data. Duba wannan wuri shi ne matakin farko kafin a zargi kowa.

KIRA TA INTANET

Manhajar Skype ta fito a 2003, WhatsApp kuma ya soma kiran murya a 2015. Ta wannan hanya uwa a Kano kan yi hira da ɗanta da ke karatu a Masar ko Malesiya a kan kuɗi ƙalilan, domin kiran murya ba ya cin megabait 1 a minti, ko da ya ke na bidiyo ya ninka haka sau da yawa.

Amma yadda wannan kira ke tafiya dabam ne da na tsohuwar waya. A dā, in an haɗa mutum biyu, a kan keɓe musu hanya guda har su gama. A intanet kuwa a kan yayyanka murya ne gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa ta yi tafiyarta cikin cunkoso tare da saƙonnin sauran jama'a, sa'an nan a harhaɗa su a wancan ɓangare. Idan wasu suka ɓace, magana ta kan tsittsinke. Idan suka makara, sai a riƙa cin karo da juna a zance. Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya ta ba da shawarar kada jinkirin ya wuce kashi 150 cikin 1,000 na daƙiƙa. Don haka wanda zai yi kira mai muhimmanci, gara ya dakatar da masu kallon bidiyo a gidan, ya matsa kusa da rauta, ko ya kashe hoto ya bar murya.

Akwai gargaɗi uku. Na farko, tsohuwar wayar gida daga cibiyar tarho ta ke samun wutarta, shi ya sa ta kan yi aiki ko an ɗauke wuta. Kiran intanet ba haka ya ke ba, da zarar rauta ya mutu, kira ya mutu. Na biyu, ba a iya kiran lambar gaggawa ta 112 da WhatsApp, saboda haka wajibi ne kowane gida ya kasance da layin waya na yau da kullum mai caji. Na uku, waɗannan manhajoji na kamfanonin ƙetare ne, suna iya sāke sharuɗɗansu ko su rufe, kamar yadda aka rufe Skype a watan Mayu na 2025. Har wa yau, kada mutum ya ba kowa lambobin nan shida da a ke aiko masa ta saƙo, ko da mai neman ya ce shi ma'aikacin kamfani ne, domin da su a ke ƙwace masa layi a damfari 'yan'uwansa.

HAƘƘIN MAI BIYA

A watan Janairu na 2025 hukumar NCC ta amince kamfanoni su ƙara farashi da abin da bai wuce kashi 50 cikin 100 ba, saboda tsadar mai da faɗuwar darajar naira. Tun da jama'a suka ɗauki wannan nauyi, haƙƙinsu ne su sami aikin da ya yi daidai da kuɗinsu. Ga matakan da doka ta tanada.

Da farko mai ƙara ya kira kamfaninsa. Tun daga 2023 lambobin sun zama bai ɗaya a duk kamfanonin salula: 300 domin sashen kula da masu hulɗa, *310# domin duba kuɗin kati, *323# domin duba sauran data. Ya bayyana matsalarsa a natse, ya karɓi lambar shaidar ƙara, ya rubuta ta tare da rana da lokaci. Ya adana rasit da saƙonnin da aka aiko masa, domin ƙara ba shaida ba ta da ƙafa.

Idan kamfani bai share masa hawaye ba, sai ya kira hukumar NCC a lamba 622, wadda kyauta ce, ya ba da waccan lambar shaida. Akwai kuma Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya, FCCPC, wadda Dokar 2018 ta kafa, ita ma tana karɓar koke.

Wanda saƙonnin talla suka dama, ya aika da kalmar STOP zuwa 2442, tsarin da aka soma a 2016. Ba a yarda kamfani ya sa mutum cikin wani tsari mai cin kuɗi ba tare da amincewarsa ba. Wanda kuma ya gaji da kamfaninsa, tun daga watan Afrilu na 2013 yana da ikon komawa wani ba tare da ya rasa lambarsa ba. Zai je ofishin sabon kamfanin da katin shaidarsa, sai dai ba zai sake ƙaura ba sai bayan kwana 45. Kafin ya ƙaura ko ya sayi sabon rauta, ya tambayi maƙwabta wane kamfani ne ya fi ƙarfi a unguwar, ya kuma gwada da ƙaramin tsari kafin ya biya na watanni.

NAUYIN DA KE KAN JAMA'A

Hukuma ba za ta san inda layi ke ciwo ba sai an gaya mata, mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Gunaguni a majalisa ba ya shiga littafin kowa, amma ƙarar da aka rubuta tana shiga lissafin da a ke tuhumar kamfani da shi. Haka kuma ana roƙon sarakuna da masu unguwanni da shugabannin ƙananan hukumomi su sa ido a kan turaku da igiyoyin da ke yankunansu, 'yan kwangila su nemi sanin inda aka binne igiya kafin su sa katafila, duk wanda kuma ya ga ana haƙa ko ana kwance kayan sadarwa cikin dare ya sanar da 'yan sanda ko jami'an tsaron farin kaya. Igiyar da aka tsinka a bakin gari ita ce za ta hana mai naƙuda samun mota a cikin gari.

Allah ya ba ƙasar nan zaman lafiya da ci gaba mai amfani. Wassalam.