Matsayin Wasa da Hirar Dare a Tarbiyyar Ƙananan Yara



Abin da wannan lacca za ta duba shi ne shekarun farko na rayuwar yaro, watau tun daga goyo har ya isa shiga firamare. A cikin waɗannan shekaru ma ba kome za a taɓo ba, sai abu biyu waɗanda manya suka fi rainawa: wasan da yaro yake yi da rana, da yadda ake kwantar da shi da dare. Dalilin kawo wannan magana gaban ɗalibai da ma'aikata kuwa shi ne, su ne mutanen da karatu ko aiki ya raba da gidan gado, ya kai su gidan haya ko gidan gwamnati, inda miji da mata da 'ya'yansu suke zaune su kaɗai.

A gidan Bahaushe na gargajiya renon yaro aiki ne wanda aka rarraba. Uwa ita ce mai goyo da shayarwa har a yaye yaro wajen shekara biyu. Yayye da 'yan'uwa su ne abokan wasa a tsakar gida da dandali. Kaka ita ce mai tatsuniya, kuma sau da yawa ɗakinta ake kai yaro yaye. Akwai wani abu a cikin wannan tsari wanda ya kamata a tsaya a kansa, watau kunyar ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, uba ma haka. Baƙo da ya ga wannan zai ɗauka rashin ƙauna ne, alhali kuwa al'adar ta riga ta tanadi waɗanda za su cike gurbin. Kaka takan kira jikanta mijinta, kaka namiji yakan kira jikarsa amaryarsa, a yi ta ba'a da tsokana, yaro ya sami mai saurarensa, mai amsa masa tambaya, mai yi masa dariya. Littafin tarihin rayuwar Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta aka buga a 1954, cike yake da irin wannan zama na yara a hannun dangi.

To, ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki daga Katsina zuwa Abuja, ko daga Damagaram zuwa Yamai, yakan tafi da kunyar, amma ba ya tafiya da kakar. Sai a wayi gari yaro yana cikin gida mai lantarki da kujeru, iyayensa suna ƙaunarsa, amma babu wanda ya ɗauki wasa da shi a matsayin aikinsa. Uba ya dawo ofis a gajiye, uwa ma mai yiwuwa daga nata aikin ta dawo, 'yar reno kuwa ita kanta yarinya ce. Abin da ya fi sauƙi a wannan hali shi ne a miƙa wa yaro waya ya yi shiru.

Wani zai ce, to, mene ne a ciki, ai wasa wasa ne. Amsar wannan ta fito daga wani bincike da aka fara a birnin Kingiston na ƙasar Jamaika a 1986, ƙarƙashin jagorancin likita Sally Grantham-McGregor. An ɗauki yara 129 waɗanda rashin abinci mai gina jiki ya tsumburar da su, masu wata 9 zuwa 24. Waɗansu daga cikinsu aka riƙa aika musu ma'aikaciyar lafiya sau ɗaya a mako har shekara biyu. Aikinta shi ne ta nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da ɗanta, ta yi masa magana, ta yaba masa in ya yi daidai, da kayan wasa waɗanda aka ƙera daga tarkacen gida. Bayan kimanin shekara 20 aka sake neman yaran, sun zama manya. Sakamakon da aka buga a 2014 ya nuna waɗanda aka yi wa wannan ziyara suna samun kuɗin shiga da ya ɗara na takwarorinsu da kusan kashi 25 cikin ɗari. Abin lura a nan shi ne, ba a raba wa kowa kayan wasan kanti ba. Abin da aka ƙara wa yaran shi ne babba wanda ya zauna ya kula da su.

Wannan ya kawo maganar kayan wasa na gida, waɗanda ƙasar Hausa ba ta rasa su ba. Da kaka, bayan an girbe dawa, yaro yakan sami kara, ya feƙe ɓawonsa sili-sili, ya yanyanka totuwar, ya riƙa soka wannan cikin wancan har ya tayar da mota mai ƙafa huɗu da ƙofa da wurin zaman direba. Wanda ya fi wayo yakan yi ta da gwangwanin madara, ya yanko ƙafafun daga tsohon silifa. Yarinya takan yi 'yar tsana, ta ɗaura mata ƙyalle, ta goya ta, ta dafa tuwon ƙasa a murfin kwalba, har a yi wa 'yar tsanar biki da gayyar ƙawaye. Da damina ga yumɓu, a gina shanu da raƙuma. Duk wanda ya tsaya ya kalli yaro yana haɗa motar kara zai ga yana awo, yana gwada tsawon wannan da na wancan, ƙafa ta karkace ya cire ya sake. Motar batir da aka sayo a kasuwa an riga an yi masa wannan tunani duka. Abin da ya rage masa shi ne ya danna, ya kalla, in ya gaji ya fasa ta don ya ga abin da ke ciki, a kuma doke shi a kan ɓarna, alhali kuwa fasawar ita ce kaɗai ilmin da motar ta ba shi.

Ba a ce kada a sayi kayan wasa ba. Amma ma'aikacin da yake ganin gazawa ce a ga ɗansa da gwangwani ya kamata ya sake tunani. Kwali da ƙyalle da cokulan katako da murafun robobi sun ishi yaro ɗan shekara biyu aikin yini guda, muddin akwai mai ce masa: “Wannan fa mene ne? Ina jan? Sa ƙaramin cikin babban.”

Sai dai wasa yana da hatsarinsa, kuma a nan ba a yin sakaci. Yaron da bai kai shekara uku ba kome ya samu baki yake kai wa, don haka duk abin da zai iya shiga maƙogwaronsa, kamar dutsen wuya ko kwabo ko gyaɗa, a nisanta shi da shi. Ƙaramin batir mai kama da maɓalli ya fi duka sharri, domin in ya maƙale a maƙoshi yana iya ƙona naman wurin cikin sa'o'i kaɗan. Ƙasar da yaro ke wasa a kanta ma abin dubawa ce. A 2010 yara kimanin 400 suka rasu a ƙauyukan Zamfara saboda gubar dalma, bayan an riƙa shigo da duwatsun zinariya cikin gidaje ana niƙawa a tsakar gidan da yara ke rarrafe.

Game da waya da talabijin, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara a 2019. Ta ce yaron da bai cika shekara biyu ba kada a zaunar da shi gaban allo, mai shekara 2 zuwa 4 kuwa kada ya wuce awa ɗaya a yini, in an rage ma ya fi. Ta kuma ce yaro mai shekara 1 zuwa 4 yana bukatar motsa jiki na aƙalla minti 180 a yini. Hikimar wannan a fili take: allo yana magana, amma ba ya jiran amsa, yaro kuwa da amsawa yake koyon harshe.

Sai maganar dare. Bahaushe ya keɓe wa tatsuniya lokacinta, bayan an ci tuwo an yi sallar lisha, har ya kafa camfi cewa mai yin ta da rana zai ɓata. Ko me ake nufi da camfin, amfaninsa shi ne rana ta zama ta aiki da aike, dare ya zama na hira. Tsarin hirar kuma ba ya sauyawa: a fara da kacici-kacici yara suna ta gardama, a shiga labarin Gizo da Ƙoƙi, murya tana sauka, ƙananan suna ɓingirewa ɗaya bayan ɗaya, kafin a kai ƙurunƙus rabinsu sun yi barci. Sa'an nan a yi musu addu'a, a tofa, a shafa, a lulluɓe su. Abin da likitocin yara suke ba da shawara a kansa a yau bai wuce wannan ba, watau a riƙa yin abubuwa iri ɗaya, bi da bi, a lokaci ɗaya kowane dare, cikin haske kaɗan, har jikin yaro ya gane cewa barci ya zo. Haske mai ƙarfi da dare yana jinkirta fitowar sinadarin da ƙwaƙwalwa ke saki don kawo barci, shi ya sa yaron da aka bari da waya a kan gado yakan kai sha ɗaya idonsa biyu.

Yawan barcin da ake bukata ya fi yadda iyaye da yawa suke zato. Bisa ga shawarar hukumar da aka ambata, mai shekara 1 zuwa 2 yana bukatar awa 11 zuwa 14 a yini, har da barcin rana, mai shekara 3 zuwa 4 kuwa awa 10 zuwa 13. Lissafin mai sauƙi ne. Yaro ɗan shekara huɗu da za a tasa da ƙarfe shida don a kai shi makarantar reno kafin a wuce ofis, in ba ya barcin rana, lalle ne ya kwanta kafin ƙarfe takwas. In an bar shi har goma yana kallo tare da manya, rigimar da zai yi da safe ba rashin kunya ba ce, bashin barci ne. Jariri kuwa a kwantar da shi rigingine, ba rub da ciki ba, a kan shimfiɗa mai ɗan tauri, ba matashi, kuma cikin gidan sauro, shi da yayyensa duka.

Akwai al'ada guda wadda bai kamata a riƙe ba, watau tsorata yaro da Dodo don ya yi barci. Dodon tatsuniya dabam ne, domin a can yaro yana jikin kakarsa, kuma a ƙarshe akan ga bayan Dodon. Amma a ce wa yaro “rufe ido ko Dodo ya zo ya kama ka,” a kashe fitila a fita, wannan koya masa tsoron duhu ne da tsoron ɗakin kwanansa, ga shi kuma ran da ya gane ƙarya ce, maganar babba ta rage daraja a wurinsa.

Saura uzurin da aka fi ji daga bakin iyaye 'yan boko, cewa su ba su iya tatsuniya ba, sun manta. An riga an rubuta su. Frank Edgar ya tattara ɗaruruwa a cikin Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, juzu'i uku, tsakanin 1911 da 1913. Marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da Tatsuniyoyi da Wasanni, littafi shida, a farkon shekarun 1970, musamman domin yara. Uba yana iya karanta guda ɗaya a ofis lokacin hutu, ya zo da dare ya faɗe ta da bakinsa, ya yi tsamin bakin Gizo yadda ya iya. Kunyar ɗan fari ba ta hana wannan, domin a cikin ɗaki ne, babu surukai. Yaro zai nemi a maimaita masa tatsuniya ɗaya dare goma a jere, kuma duk ran da aka sauya wata kalma zai gyara wa mai faɗa. Inda kaka tana da rai a gida kuwa, wayar nan da ake kuka da ita tana da amfani guda: a kira ta bayan lisha, a buɗe murya, a kife allon a kan tabarma, ta yi wa jikokinta tatsuniyar da kanta.