Ɗan Sanda da Tsaron 'Ya'yanmu

 Kun saba jin bakina a kan iri da taki da feshi. Yau kuwa maganar yara na kawo muku, da aikin da 'yan sanda su ke yi domin tsaronsu. Ku ba ni kunnuwanku.

In an gama cirar auduga, an tashi kasuwa, rani ya shigo, a lokacin nan ne waɗansu mutane kan ratso ƙauyuka da daɗin baki. Wani ya ce a ba shi yaro ya koya masa sana'a a birni. Wata ta ce a ba ta yarinya ta tafi da ita Aljeriya, za ta riƙa aiko da kuɗi. Sau da yawa bara a ke kai su, ko aikin da ya fi ƙarfinsu.

Ku tuna da abin da ya faru a watan Oktoba na 2013. Motoci biyu suka tashi daga Arlit za su Tamanrasset, suka lalace cikin hamada. Ƙishirwa ta kashe mutum 92. A cikinsu 52 yara ne, 33 mata, 7 maza. Yawancinsu mutanen ƙasar Kance ne, ta jihar Damagaram, manoma irinmu. Gwamnati ta sa aka yi makoki na kwana uku.

To, akwai doka a kan wannan. A ran 16 ga Disamba 2010 Nijar ta kafa dokar hana fataucin mutane. Wanda ya yi fataucin babba, ɗaurin shekara 5 zuwa 10 ne. In yaro ne, shekara 10 zuwa 30. Masu tsare wannan doka su ne 'yan sanda a cikin gari, da jandarma a karkara. Su ke tsai da mota a shinge, su tambayi mai tafiya da yara ina ya samo su, ina za shi da su. Su ke neman yaron da ya ɓata. Su ke kama wanda ya yi wa yarinya fyaɗe, ko ya yi wa yaro dukan da ya ji masa rauni, su kai shi gaban alƙali. A cikin 'yan sanda akwai sashe musamman na kula da mata da ƙananan yara.

Amma fa ɗan sanda ba ya sanin gaibu. Abin da aka gaya masa shi ya ke bi. In an gaya masa da safe, ya iya buga waya a tare mota kafin ta wuce Agadas. In an bari sai bayan mako guda, sawu ya ɓace. Saboda haka ga abin da ya kamace mu:

1. In yaro ya ɓata, kada a jira gari ya waye sau biyu. A shaida wa mai gari, a tafi wurin jandarma nan da nan. Lambar wayar 'yan sanda 17 ce.

2. A faɗi sunan yaron, da shekarunsa, da tufafin da ya ke sanye da su, da zanen fuska ko tabo in akwai. A faɗi kamannin wanda aka gan shi da shi, da irin motar.

3. Kowane yaro a yi masa takardar haihuwa. Da ita ne hukuma za ta san shekarunsa, ta san iyayensa, ta mayar da shi gida.

4. In an ɓata yarinya, a kai ta likita a ranar, a kai ƙara. Kada a ce kunya, a rufe magana da 'yan kuɗi. Wanda aka rufa wa asiri yau, gobe gidan maƙwabcinka za shi.

Akwai kuma wani abu. Mukan tsorata yaro mu ce, ga ɗan sanda nan zai kama ka. Mu bar wannan. Yaron da aka raina da tsoron kaki, ran da ya ɓata a tasha, gudun ɗan sanda zai yi. Ku koya wa yaranku sunan ubansu da na garinsu, ku ce musu in sun rasa hanya su nufi mai kaki.

Ko yaro ne ya yi laifi, doka ba ta ɗauke shi kamar babba ba. Wanda bai kai shekara 13 ba, ba a yanke masa ɗauri. Wanda ya wuce haka amma bai cika 18 ba, alƙalin yara ke duba maganarsa. Don haka in an kama yaro da sata a kasuwa, kada a taru a kansa da sanda. A miƙa shi ga hukuma, a kira iyayensa.

Ɗa na kowa ne. In ka ga baƙo da garken yara a tasha, ka yi tambaya, ka kai labari. Allah ya raya mana zuriya, ya ba mu damina mai albarka. Amin.