Kyanwar nan ba aljanu ne suka taɓa ta ba



Kyanwa tana kwance lafiya lau, sai ka ga fatar bayanta, kusa da gindin wutsiya, tana motsi ita kaɗai. Baƙin idonta ya buɗe, ta juya tana cizon wutsiyarta, ta zabura da gudu tana kuka. Bayan minti ɗaya ko biyu ta dawo kamar ba ita ba. A gidajenmu nan take ake cewa aljanu ne ko maita, har yara su bi ta da jifa.

Likitocin dabbobi sun san wannan ciwo. Jijiyoyin fatar bayan ne ke tsananta ji, har shafa kaɗan ta zame mata azaba. Ƙuma da ƙaiƙayi suna tayar da shi, haka ciwon ƙashin baya, da firgici, da wani abu mai kama da farfaɗiya. Ana lallaɓa shi da magani.

Amma in tana dalalar miyau tana kai wa mutane cizo, a ji tsoron ciwon haukan kare, a nisanta yara da ita.

Don Allah kada a ba ta parasitamol, kashe kyanwa yake yi. A kai ta asibitin dabbobi.