Tattaunawar Aji da Nazarin Ƙagaggen Labari: Shaihu Umar a Hannun Ɗaliban Daura

Ƙagaggen labari, wato dogon labarin zube da marubuci ya ƙirƙira, galibi ana koyar da shi a makarantun sakandare na ƙasar Daura bisa tsari guda: malami ya rubuta jigo da salo da sunayen taurari a kan allo, ɗalibai su kwafe su haddace saboda jarrabawar WAEC ko NECO. Jigo shi ne saƙon da littafi ya ɗauko, taurari kuwa su ne mutanen da labarin ke gudana a kansu. Wannan tsari yana iya kai ɗalibi ga cin jarrabawa, amma ba ya koya masa yadda aka gano jigon, balle yadda zai gano na wani littafin da kansa.

Littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 tare da Ruwan Bagaja da Ganɗoki, ya fi kowane dacewa da tattaunawar aji, domin shi kansa labarin tambayar almajiri ce ta haife shi: Shaihu yana zaune a Rauta yana karantarwa aka tambaye shi asalinsa, shi kuwa ya warware tarihinsa tun daga Kagara.

Idan aka tambayi aji mene ne jigon littafin, sau da yawa ra'ayi kan rabu biyu. Wasu za su ce haƙuri ne da yarda da ƙaddara, tunda Umar, yaron da aka sace, ya zama babban malami. Wasu kuma su ce muguntar cinikin bayi ce, tunda mahaifiyarsa, ɗiya mai cikakken 'yanci, ta faɗa bauta garin neman ɗanta, ba ta kuma daɗe ba bayan sun sadu ta rasu. Amfanin saɓanin shi ne yana tilasta wa kowane ɓangare komawa shafi domin neman hujja, kuma a nan ne ɗalibai kan ci karo da abin da taƙaitawar allo ke ɓoyewa. Abdulkarim, Balaraben da ya riƙe Umar tamkar ɗan cikinsa ya ba shi ilimi a Ber Kufa, fataken bayi ne. Makau, mijin uwar Umar da hassadar fadawa ta sa aka kora, shi ma da shi aka je harin kamo bayi. Marubucin bai yanke wa ɗayansu hukunci ƙarara ba, kuma wannan shirun nasa ba ya bayyana sai ɗalibi ya ji abokinsa ya karanta shafi ɗaya da shi ya fito da ma'ana dabam.

Ɗalibin Daura yana shigowa aji da guzuri biyu. Na farko, garinsa yana kan hanyar da ta tashi daga Kano zuwa Damagaram, saboda haka ayari da ƙetare hamada ba baƙin zance ba ne a wurin kakanninsa. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, ya tashi yana jin labarin Bayajida da Daurama da rijiyar Kusugu a bakuna dabam-dabam, labarin da masana irin su Abdullahi Smith suka yi ja a kan ɗaukarsa a matsayin tarihi tsantsa. Wanda ya saba da haka ba zai sha wuya ba wajen tambayar wane ne ke ba da labari, da kuma yadda Shaihu ya san abubuwan da suka faru yana ƙaramin yaro ko ba ya wurin.

Cikas dai akwai shi. Kunya da girmama malami, waɗanda tarbiyya ce ta gari, kan hana ɗalibi, musamman mace a ajin da aka haɗa maza da mata, furta abin da ya saɓa wa na allo, sannan cunkoso da ƙarancin littattafai kan mayar da tattaunawa hayaniyar mutum uku ko huɗu. Malamin da ya raba ajin rukuni-rukuni, ya ba kowane rukuni tauraro ɗaya ya bibiya, ya kuma sharɗanta cewa ba a karɓar ra'ayi sai an nuna shafinsa, zai iya tafiyar da darasin ko da littafi ɗaya ne a kowane benci, muddin ya jinkirta faɗin nasa ra'ayin har kowane rukuni ya gabatar da abin da ya samo.