Daga Karan Dawa Zuwa Klarinet



Duk wanda ya taɓa tsaga ɗan harshe a jikin karan dawa lokacin kaka ya busa, ya riga ya san sirrin klarinet. Harshe ɗaya ne ke kaɗawa a bakinta, saɓanin algaitar fadar Gwandu mai harshe biyu. Shi ya sa muryarta ta fi taushi, har tana iya yin ƙasa-ƙasa kamar raɗa.

A Nuremberg ta Jamus aka ƙera ta wajen 1700, amma ta daɗe tana rakiya a bayan gogen Turawa. Mai tsara kiɗa Mozart ya fito da ita gaba a 1791. Sai 1811, Carl Maria von Weber ya haɗu da mabushi Heinrich Baermann a Munich, ya tsara masa ɗan gajeren kiɗa. Sarkin Bavaria ya ji, ya ce a ƙaro biyu.

Ni dai inda ta fi kama ni shi ne mabuɗin Der Freischütz, wasan waƙa na Weber na 1821: makaɗa na ta rugugi, sai ga ta ita kaɗai ta tashi sama, kamar zabiya ta karɓe waƙa a tsakar fili.