Hisabin Kai: Tsakanin Bakin Buhu da Gindinsa

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Masanin abin da zukata ke ɓoyewa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi na Jega da Aliero da Maiyama, mafi yawanmu a nan manoma ne da 'yan kasuwa, saboda haka bari mu fara da abin da kowa ya sani. Idan albasa ta fito daga fadamun Aliero, ko shinkafa da gero suka shigo kasuwar Jega, mai saye bakin buhu yake gani. Gindin buhun kuwa, wanda ya ɗura shi ne kaɗai ya san abin da ya zuba, sai Allah. To, abin tambaya a yau shi ne: me ke hana hannun mutum ya sa ruɓaɓɓiya a ƙasa, ya jera manya a sama, alhali ba dillali, ba sarkin kasuwa, ba ɗan sanda?

Alƙur'ani mai girma ya ambaci rai da siffofi uku. A Suratu Yusuf, aya ta 53, akwai rai mai yawan umurni da mummuna. A Suratul Ƙiyama, aya ta 2, Allah Ya yi rantsuwa da rai mai yawan zargin kansa. A Suratul Fajri, aya ta 27, akwai rai mai natsuwa. Na tsakiyan nan shi ne mai gadin da muke magana a kansa, wato ɗacin nan da mutum ke ji a ƙirjinsa bayan ya tauye mudu ko ya yi rantsuwar ƙarya a kan farashi. Wanda yake jin wannan ɗaci ya gode wa Allah, domin zuciyarsa da sauran rai. Abin tsoro shi ne ranar da ya daina ji, kuma a hankali ake kai wa can: yau an yi algus an ji kunya, gobe an ce kowa ma haka yake yi, jibi an mai da shi wayo har ana koya wa yaran gida.

Misali yana nan kusa da mu a Gwandu, inda kabarin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo yake, wanda ya rasu a 1829. A shekarar 1807, ana tsakiyar jihadi, kafin a ci Alƙalawa a 1808, ya duba ya ga son duniya da neman mulki da tara dukiya sun fara shiga cikin jama'a. Ya ji wa kansa tsoro, ya bar runduna, ya nufi gabas da niyyar zuwa ƙasa mai tsarki. Da ya iso Kano mutanenta suka roƙe shi ya tsaya ya karantar da su, a can ya rubuta Liya'ul Hukkami, daga baya ya komo. Mu lura da kyau: wazirin Shehu ne kuma ƙanensa, ga ilmi, ga nasara a fagen fama, amma duk wannan bai sa ya amince wa ransa ba. To, ina ga mu?

Malam Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, ya kasa hisabin kai gida biyu: na kafin aiki da na bayan aiki. Kafin aiki, mutum ya dakata ya tambayi kansa: don wa zan yi wannan, kuma ya halatta? Bayan aiki, ya duba inda ya gaza. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Babu ɗan kasuwar da zai kwanta bai ƙirga cinikin yini ba, ya ware uwar kuɗi, ya ga riba ko faɗuwa. Yaya za mu ƙirga naira kowane dare, mu bar ayyukanmu sai ranar da ba a karɓar gyara?

Saboda haka muna kira ga kawunanmu da abu uku. Na ɗaya, bayan sallar isha kowa ya keɓe ɗan lokaci ya bi yininsa: sallolinsa, harshensa, awonsa. Na biyu, idan ya tarar da haƙƙin wani, ya mayar tun da safe, domin istigfari ba ya sauke haƙƙin mutane. Na uku, ya hori ransa da abin da yake yi masa nauyi: marowaci ya yi sadaka, mai saurin fushi ya yi shiru, mai algus ya zazzage buhunsa a gaban mai saye.

Mu da muke kira zuwa ga gyara, wannan magana ta fi hawa kanmu. Gano laifin maƙwabci abu ne mai sauƙi, kuma rai yana jin daɗinsa. Amma mutanen garuruwanmu sun san mudunmu tun kafin su ji wa'azinmu, kuma da shi za su auna mu.

Allah Ya tsarkake zukatanmu, Ya sa gindin buhunmu ya yi daidai da bakinsa, Ya sauƙaƙa mana hisabi. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.