Mota Mai Fetur da Batir: A Kiyayi Waya Mai Ruwan Lemo



Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka cire tallafin mai, duk majalisar direbobin da ka zauna zancen ɗaya ne. Mu a Maje ta Suleja abin ya fi ci mana rai: ga daffon NNPC a ƙofar gida, ga tankoki jere a bakin titi, amma lita ta gagari talaka. Shi ya sa hankalin wasu ya koma kan motocin hayibrid, irin su Toyota Prius da ta fara fitowa a Japan a 1997.

Motar hayibrid injin fetur gare ta, ga kuma babban batir da ke tura ta. Kwamfutarta ce ke zaɓar wanda zai yi aiki. Ka taka birki, ƙarfin da kan tafi a banza sai ya koma caji. To ku masu jigilar Abuja kullum, ku tuna cunkoson Madalla zuwa Zuba: kana tsaye inji ya yi shiru, mai bai ƙonewa. A nan ribarta take. Kuma yawancin motocin hayibrid ba a jona su da wuta.

Mota mai lantarki zalla kuwa ba inji, ba juyen baƙin mai. An harhaɗa irinta, Hyundai Kona, a Legas, an kafa wurin caji na hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato a 2021. Madalla da hakan. Amma wanda ke jiran kamfanin lantarki na AEDC ya kawo wuta kafin ya yi guga, ya auna da kyau. A ganina hayibrid ce ta fi dacewa da mu yanzu.

Sai dai ga abin da ke damuna. In ka buɗe bonet ɗin hayibrid za ka ga wayoyi masu kauri, masu ruwan lemo. Wutar cikinsu ta haura bolt 200, tana kisa. Mu kuma mun saba, mota na yin tari sai a kira yaron mai rewaya da sukundireba. Haba jama'a! Motar ma tana iya zama a kunne shiru, ka ɗauka a kashe take, hannu na ciki inji ya tashi da kansa.

Masu sayen 'yar Kwatano, araha ba ta ado, a gwada lafiyar batir kafin a biya. Sannan 'yar kafar iskar nan ta gefen kujerar baya, ita ke sanyaya batir. Ku daina toshe ta da buhun doya, ku riƙa share mata ƙurar hunturu.

Na dawo kan wayar nan dai. Alhaji mai mota, malam bakanike, don Allah wanda bai koyi aikin hayibrid ba kada ya taɓa waya mai ruwan lemo. A kai wa wanda ya sani, ko da sai an dangana da Abuja.